Ranar da Muka Kai Mai Keke Garinsu

Shekara ashirin da biyu shagona yana jikin nasa. Bango ɗaya ne ya raba mu, shi ma ba wani bangon kirki ba, domin in ya yi tari sai in ce masa sannu ban tashi daga kan kekena ba. Ni tela ne, shi kuma gyaran keken ɗinki yake yi. Duk layinmu babu wanda ya san shi da wani suna sai Mai Keke. Har matarsa, kafin Allah Ya yi mata rasuwa, in ta aiko da abincin rana cewa take yi a miƙa wa Mai Keke.

Dogon mutum ne, siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo a kan aiki. Shagonsa bai fi taku huɗu ba. Kawunan kekuna ne jere a kan katako har rufi, wasu masu su sun manta da su, wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya. Ga gwangwanayen madara cike da noti da allurai da ƙananan ƙarafan da shi kaɗai ya san amfaninsu, ga kwalbar mai, ga tsohon buroshin haƙori da yake kakkaɓe zare da shi. In aka kawo masa keke ba ya taɓa sukudireba sai ya sa mai shi ya taka, shi kuma ya rufe ido ya kasa kunne. Can sai ya ce, "Keken nan lafiyarsa ƙalau, ke ce kike fisgar yadi kamar an biyo ki." Mata su yi ta tsaki, gobe kuma su dawo.

Ba mai yawan magana ba ne, sai fa in an taɓo garinsu. Kullum da hantsi mukan zauna a benci ɗaya mu sha shayi, kuma da wuya mu tashi bai kai ni can ba. Rijiyar ƙofar gidansu mai ruwa kamar an jefa ƙanƙara. Gadar katako a kan rafi, wadda katakonta na bakwai ya ruɓe, duk ɗan garin ya san ya tsallake shi ko ido a rufe. Gonakin auduga fari fat iya ganinka. Jakin babansu da ya cinye littafin lissafin yayansa, aka zane yayan aka bar jakin. Na ji waɗannan har na haddace su, wani lokaci in ya yi kuskure ni nake gyara masa.

Nakan ce, "Anya garin nan naka akwai shi kuwa?"

Sai ya ce, "Bari a gama girbi, zan kai ka ka gani da idonka."

An gama girbi ashirin da biyu a gabana, bai kai ni ba, shi ma bai je ba.

Abin da na sani na rayuwarsa kaɗan ne. Yana ɗan shekara sha tara ya hau bayan motar auduga ya shigo birni, ya koyi gyara a hannun wani tsoho mai faɗa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu. Zuwansa gida na ƙarshe shekara ashirin da shida ke nan, ranar da aka binne mahaifiyarsu. Kwana ɗaya ya yi ya juyo. Yana da wa guda, wanda ban taɓa jin ya kira shi da komai ba sai Yaya, kuma ba ya fitowa a labari sai yana yaro.

Wata Talata wani direban da ke ɗauko albasa daga can yankin ya tsaya a ƙofar shagon, ya leƙo ya ce Yaya ba shi da lafiya, kuma kullum yana tambayar ƙanensa. Mai Keke ya ce to, ya gode. Ranar sau uku ya kwance kan keke ɗaya ya mayar. Da na leƙa na tambaye shi me ke damun keken, sai ya dube ni ya ce shi ma bai sani ba.

Autarsa ce ta yanke magana. Malamar asibiti ce, tana da 'yar motarta, kuma ba ta gaji shirun ubanta ba. Ta zo ta tsaya a ƙofar shago da fararen kayan aiki ta ce ranar Asabar tana hutu, ƙarfe shida za su kama hanya. Bai yi musu ba. Bayan ta tafi ya zagayo shagona, ya ɗauki almakashina yana jujjuyawa.

"Ka zo mu je," in ji shi. "In daga ni sai yarinyar nan, tambayoyi za ta yi ta yi min har mu isa."

Haka muka fita, Auta tana tuƙi, shi a gaba da sabuwar rigar da na ɗinka masa bara bai taɓa sa ta ba, ni a baya tare da buhun sukari da kwalin sabulu da ya saya tsaraba. Ya kuma taho da jakar kayan aikinsa. Da Auta ta tambaye shi me zai yi da ita, ya ce shi dai ba ya jin daɗin zama babu ita.

Muna fita gari ta manna wayarta a gaban mota don ta nuna hanya. Ya ce ta cire.

"Ni da aka haifa a can, waya ce za ta gaya min hanyar gidanmu?"

Ta kashe mata murya ta bar ta a manne.

Sa'a biyu na farko lafiya lau. Gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi duhu, masara ta kai ƙirji, iska mai ƙamshin ciyawa tana shigowa ta taga. Mai Keke ya saki jiki, yana nuna mana abubuwa da yatsa. Ga dutsen da motarsu ta lalace a gindinsa ranar da ya bar gida. Bayan minti goma muka ga wani dutsen, ya ce a'a, wannan ne.

Daga nan abin ya fara rikicewa. Inda ya ce za mu fara ganin auduga, shinkafa muka gani, kore shar, cikin fadamu masu kan iyaka a miƙe kamar an ja da rula. Magudanar siminti tana bin gefen titi, ruwa yana gudu a ciki. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ina aka samo ruwa a nan? Nan fa ko akuya ba ta tsayawa."

"Baba, shekara nawa rabonka?"

"Ko shekara ɗari ne, ƙasa ai ba ta tafiya."

Ya ce mu sa ido, za mu ga rumfar awon auduga mai jan kwano, daga ita sai mu karya hagu. Muka sa ido har idanu suka gaji. Babu rumfa, babu jan kwano. Muka iso wani ɗan gari a bakin titi, mai gidan mai da jerin shaguna, muka tsaya Auta ta sayi ruwan sha. Ta ce bari ta tambaya. Ya ce kada ta ba shi kunya, wannan garin bai san shi ba, sabo ne, mutanensa baƙi ne, ba za su sani ba. Muka wuce. Gaba kaɗan ya ga wata hanyar ƙasa ta yi hagu, ya buga gaban mota ya ce ita ce.

Muka shiga. Masara ta rufe mu dama da hagu, ta fi motar tsawo, ba ka ganin komai sai ganye da ɗan sararin sama. Muka wuce wani ɗakin injin ban-ruwa mai shuɗiyar ƙofa. Hanya ta rabu biyu, ya ce dama. Ta sake rabuwa, ya ce dama. Bayan kusan rabin sa'a sai ga ɗakin inji mai shuɗiyar ƙofa.

Na ce, "Wannan kamar mun gaisa da shi ɗazu."

Ya ce, "Duk iri ɗaya ake gina su."

Da muka zo karo na uku, har akuyar da ke ɗaure a jikinsa ta ɗago ta dube mu. Auta ta taka birki.

Wata mata ta fito daga cikin masara da tankin feshi goye a bayanta. Auta ta gaishe ta, ta faɗi sunan garin. Matar ta ce, "Wanne? Na sama ko na ƙasa?"

Mai Keke ya leƙo ta taga. "Guda ɗaya ne ai."

"To, in guda ɗaya ne, ku koma baya."

Muka koma baya. Wani mai tarakta da muka tare ya ce ba baya ba, gaba, mu bi magudana har inda ta ƙare. Wani dattijo a kan keke ya ce duk wanda ya ce mana mu bi magudana bai san ƙasar nan ba. Kowa da tabbacinsa, kowa yana nuna wani gefe daban. Ni dai a baya na rasa gabas na rasa yamma, buhun sukari yana ta faɗo min a kafaɗa.

A ƙarshe Auta ta kunna muryar wayar. Mai Keke ya juya fuska waje kamar bai ji ba. Wayar ta kai mu ta wata 'yar siririyar hanya, ciyawa tana goge cikin motar, masara ta ƙare, fili ya buɗe. Sai muka ji ta ce mun iso.

Tsakiyar gonar albasa ce. Ko bukka babu.

Na fashe da dariya, Auta ta dafe kai. Mai Keke ya ce, "Kin gani ko? Ga wayarki." Amma ya buɗe ƙofa ya fita, ya tsaya yana dube-dube, dariyar da ya fara ta tsaya masa a baki.

Can gefe wani magidanci yana sassabe bakin kunya. Ya ajiye fartanya ya zo, muka gaisa. Da ya ji abin da muke nema, ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Ai a kansa kuke tsaye." Ya ce shekara ashirin da wani abu da suka wuce ruwa ya ci garin sau biyu a jere, sai mutane suka kwashe suka koma tudu, bakin titi. Nan kuma aka rushe abin da ya saura aka nome. Masu cewa na ƙasa nan suke nufi, na sama kuwa shi ne mai gidan mai.

Auta ta ce, "Inda na sayi ruwa?"

"In dai kin saya a bakin titi, a garin kika saya."

Mai Keke bai ji wannan ba, ya riga ya shiga cikin albasa yana tafiya a hankali, yana ɗaga ƙafar wando. Na bi shi. Ya tambayi manomin ina rafi. Manomin ya ce an tare shi can sama, shi ne ruwan da ke cikin magudana. Ina rijiya? Ya nuna wani faifan siminti da bututu ya fito daga cikinsa. Ya ce rijiyoyi uku ne a garin, biyu an cike su, bai san ko wacce ce wannan ba.

Mai Keke ya tsaya a kan simintin, ya juya gabas, ya ƙirga taku goma sha biyu, ya tsaya.

"Nan ne ɗakin Inna."

Na ce Allah Ya jiƙanta. Sai ya koma kan simintin, ya dubi rana, ya juya wani gefen, ya sake ƙirgawa.

"Ko kuma nan."

Ya tsaya tsakanin wuraren biyu, hannu a ƙugu, sabuwar rigarsa iska tana kaɗa ta. Ban san abin da ake ce wa mutum a irin wannan hali ba. Manomin ya tuge albasa huɗu manya ya ba shi, ya karɓa ya riƙe a ƙirji har mota.

Rana ta take tsaka muka shiga garin na sama. Layuka a miƙe, gidajen bulo kusan iri ɗaya. Ba mu sha wuya ba, mai shagon da Auta ta sayi ruwa a wurinsa shi ya nuna mana gidan, layi na biyu bayan shagonsa. Surukar Yaya, matar babban ɗansa, ita ta tarbe mu. Mace ce mai fara'a da saurin hannu, kafin mu zauna ta kawo ruwa, ta karɓi albasa daga hannun Mai Keke ba ta tambayi dalili ba. Ta ce mijinta yana gona, amma tsohon yana ciki, idonsa biyu.

A bakin ƙofar ɗakin Mai Keke ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi. Ya daɗe yana kwancewa. Ni da silifa ne a ƙafata, na ga tsayuwar ta yi yawa, sai na yi sallama na shiga.

Ɗaki ne ƙarami mai tsabta, gado ɗaya, rediyo a kan taga, kwalaben magani a faranti. Tsohon yana jingine da matashi, idanunsa sun yi fari-fari. Kamarsu ɗaya da Mai Keke, har ranƙwafawar. Na durƙusa na miƙa masa hannu. Ya kama da hannu biyu, ya shafa tafina, ya shafa kantar da almakashi ya yi min a yatsa.

"Ƙarami. Ka zo."

Na ce, "Yaya, ai ba ni…"

Sai na ji an taɓa min kafaɗa. Mai Keke ne a tsaye a bayana, yana girgiza min kai. Surukar ta sunkuyo ta raɗa min cewa haka yake yi kwanakin nan, in aka yi masa gardama sai ya rikice ya ƙi cin abinci har kwana biyu. Na dubi Auta, ita kuma tana duban ubanta.

Tsohon ya ɗaga kai wajen ƙofa. "Wane ne wannan dogon da ya tare min haske?"

Mai Keke ya ce, "Abokinsa ne. Tare muka zo."

"Madalla. Zauna, baƙo. A kawo wa baƙo kujera."

Aka kawo wa Mai Keke kujera a ɗakin yayansa, ya zauna a bakin ƙofa da jakar kayan aiki a cinya. Ni kuwa tsohon ya jawo ni bakin gado, bai saki hannuna ba. Ya ce na yi ƙiba. Ya ce muryata ta canja, birni ya cinye ta. Sai ya fara tambaya.

"Ka tuna gada?"

Na waiga, Mai Keke yana kallon ƙasa. Na ce, "Mai ruɓaɓɓen katako na bakwai?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Na bakwai! Yaran yanzu in na faɗa sai su ce ruɗewa ce. Jakin Baba fa?"

"Wanda ya cinye maka littafin lissafi, aka zane ka aka bar shi."

Ya riƙe ciki. Surukar tana dariya, tana dubana tana duban Mai Keke, ita ma ta fara shakkar wane ne wane. Ni kaina, da na ji labaran suna fitowa daga bakina ɗaya bayan ɗaya, har da sanyin ruwan rijiya, sai na ji kamar na taɓa sha. Sau ɗaya na yi kuskure, na ce malamin makarantarsu gurgu ne. Daga bakin ƙofa aka ce, "Mai ido ɗaya." Tsohon ya ce, "Ka ji baƙo ma ya fi ka tunawa."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya matse hannuna, ya ce kowa ya yi shiru, yana da magana da ƙanensa.

"Da Inna ta kwanta, ta ce in aika maka. Kwana tara tana tambaya, ya zo? Ina ce mata an aika, yana hanya. Ban aika ba, Ƙarami. Haushinka nake ji, ka tafi ka bar ni da gona da tsofaffi biyu. Ranar da ka zo, bayan an binne ta, na tsaya a gaban mutane na ce an aika maka ka ƙi zuwa. Ƙarya na yi maka. Ka tafi ba ka ce min komai ba. Da ka zage ni ma da ya fi min sauƙi." Hawaye yana bin kuncinsa yana shiga gemu. "Ka yafe min."

Na juya na dubi Mai Keke, ina roƙonsa da ido ya taso ya karɓi abinsa. Bai ɗago ba. Yatsunsa suna ta buɗe zif ɗin jaka suna rufewa. Tsohon yana jira, yana riƙe da hannuna. Wannan ba maganata ba ce, ba uwata ba ce, ban san ko ina da ikon taɓa ta ba. Amma ba a barin tsoho yana kuka yana jira.

Na ce, "Na yafe, Yaya. Duniya da lahira."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina, ya rufe ido. Da na waiga, kujerar bakin ƙofa babu kowa.

A tsakar gida na same shi. Ya ga keken ɗinkin surukar a ƙarƙashin rumfa an rufe shi da tsumma, ya yaye, ya baje kayan aiki a tabarma. Ta ce wata takwas ke nan yana tsinke zare. Bai sa ta taka ba, bai saurara ba, kawai ya kwance shi gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Muka ci abinci yana aiki. Ɗan Yaya ya dawo daga gona, ya gane baffansa nan take, ya durƙusa ya gaishe shi, Mai Keke ya amsa bai ajiye sukudireba ba. Sai da la'asar ya mayar da komai, keken ya yi ɗinki lafiya, noti ɗaya ya ragu a tabarma. Ya jujjuya shi ya sa a aljihu.

Da za mu tafi muka shiga sallama. Tsohon ya sa min albarka mai tsawo. Sannan Mai Keke ya matso ya miƙa hannu. Tsohon ya riƙe hannun ya daɗe, yana shafa yatsun nan masu baƙin mai, goshinsa ya tattare kamar mai neman wata kalma. Na ce a raina, yanzu zai gane.

Ya ce, "Baƙo, ka kula min da shi a hanya. Ba ya son iska, tun yana yaro."

Mai Keke ya ce, "Zan kula, Yaya."

Mun yi nisa a kan titi, rana tana bayanmu, shinkafa ta koma ruwan zinariya, kafin Auta ta kasa daurewa.

"Baba, me ya sa? Shekara ashirin da shida, mutum ya nemi gafararka, ka bar Baba Tela ya amsa?"

Ya ce, "An aiko."

"Me?"

"Takarda. Wani mai motar auduga ya kawo min shago. Na karanta, na ninke, na sa a gwangwani. Ina da kekunan wata makaranta guda shida a hannu, na ce in na gama ranar Juma'a sai in tafi. Ranar Alhamis aka zo aka ce ta rasu. Shi ya sa da ya faɗa a gaban mutane ban ce komai ba. Gaskiya ya faɗa."

Na ce, "Amma shi ya ce bai aika ba."

"Na ji shi."

"To wa ya rubuta?"

"Rubutunsa ne. Da jan biro." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Ko kuma ta rashin lafiyar Baba ce, wadda ta riga da shekara biyar. Ita ma takarda aka aiko. Waccan na je. Ina jin na je." Ya juyo ya dube ni. "Kullum ina ganin takardar nan a idona, Tela. Yanzu ban san ko ta wa ce ba. Ta yaya zan yafe abin da ban sani ba ko ni ne na yi?"

Auta ta rage gudu ta bar wata motar tumatir ta wuce mu.

Mako guda ya yi yana zazzage gwangwanayen shagonsa ɗaya bayan ɗaya. Ya samo makullin da ya ɓata tun matarsa tana da rai, ya samo haƙorin Auta na yarinta a ƙulle cikin leda, bai samo takarda ba. Bayan nan ya koma garin sau biyu shi kaɗai a motar haya. Duk zuwan Yaya ya karɓe shi hannu biyu a matsayin abokin Ƙarami, ya sa a ba shi kujera, ya tambaye shi me ya hana Ƙarami zuwa. Mai Keke ya ce masa aiki ne ya yi yawa. Suka zauna suka yi hira, ya yanke masa farce, ya gyara masa rediyo. Ya ce min hirar ta fi sauƙi a haka. A zuwa na uku ya roƙe ni na rufe shago na bi shi, na sake zama a bakin gado aka riƙe min hannu.

Yaya ya rasu ana cikin yankan shinkafa. Muka je gaisuwa mu uku. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ɗan Yaya ya zaunar da baffansa a gaba, surukar kuma ta aiko a ce ni ma in matsa kusa da shi, don tsohon har ya cika ni yake ambata. Mutane suka yi ta zuwa. Tsofaffin da suka san Mai Keke tun yana yaro suka yi masa ta'aziyya. Maƙwabtan da suka gan ni a bakin gado suka yi min. Tun ina gyarawa har na gaji na fara amsawa.

Can wani dattijo mai sanda, abokin noman marigayin, ya iso ya tsaya a gabanmu, ya dube ni ya dube shi.

"Cikinku wane ne ƙanen?"

Na yi shiru ina jiran Mai Keke. Shi ma ya yi shiru. Dattijon ya jira, ya ga babu mai magana, sai ya jingine sandarsa a bango, ya miƙa masa hannun dama, ya miƙo min na hagu, ya ce Allah Ya ba mu haƙuri. Muka ce amin.